Maganin feshi na dogon yaro: yana aiki, amma ba irin aikin da masu shago ke faɗa ba

Jama'a masu lambu da masu noman masara na Kaduna da kewaye, wannan maganin feshin na dogon yaro da ya fara yawa a shagunan kayan noma, wanda ake zubawa a kwalbar roba da hoton ganye a jiki, na yi amfani da shi tun daga noman rani har cikin damina, a kabeji da tumatur da masara, kuma ina so in faɗi abinda na gani tsakani da Allah. Maganin yana da kyau, zan sake saye, amma yadda ake tallarsa a shago shi ne ke sa mutane su saya sau ɗaya su ce damfara ce su koma wa guba mai zafi. Wannan abin yana damuna sosai, domin maganin bai yi laifi ba, bayanin da ake yi a kansa ne ba daidai ba.

Ni malamin aikin gona ne a sakandare, ina kuma da ɗan lambu a bakin kogi ta wajen Rafin Guza, to abinda zan faɗa rabi daga aji ne rabi daga gona.

A wani shago na cikin gari na saya, ba zan kama suna ba. Yaron shagon yana da fara'a gaskiya, ya sauko min da kwalba kala biyu yace "Malam wannan ai da ka fesa shikenan, kafin ka wanke famfo sun zube". Nace masa ƙanena ba haka yake aiki ba fa, yace wallahi haka masu kawowa suka gaya musu. Kuma na yarda da shi, ba ƙarya ya shirya ba, abinda aka faɗa masa ya maimaita. Matsalar kenan, duk wani maganin ƙwari a wajenmu da ma'auni ɗaya ake auna shi, wato ya kashe nan take ko bai kashe ba.

Ruwan ciki launin ƙasa-ƙasa ne mai kauri, warinsa na tafarnuwa ne da ya haɗu da ɗacin dogon yaro, yana kama hannu da riga, wanda baya son wari ya shirya. In ka zuba a ruwa ka motsa yana komawa fari fat, wannan alama ce cewa an sa masa sinadarin da ke haɗa mai da ruwa. Ɗaya daga cikin kwalaben biyu bata yi haka ba, man ya taso sama yana yawo, sai da na ƙara ɗan sabulun ruwa sannan ya haɗu. Lokacin hunturu kuma da sassafe zaka tarar ya yi kauri ya kusa daskarewa a gindin kwalbar, kar ka ce ya lalace, ɗabi'ar man dogon yaro ce, ka tsoma kwalbar a ruwan ɗumi ka girgiza zai saki. Ka tace kafin ka zuba a famfon feshi in ba haka ba bakin famfon zai dinga toshewa kana tsaka da aiki.

Na fesa wa kabeji da yamma. Washegari na ɗaga ganye, tsutsotsin nan suna nan da ransu, suna motsi. Dattijon da lambunsa ke maƙwabtaka da nawa ya leƙo ya duba yace "Malam, ruwan banza suka sayar maka, kawo in ba ka nawa ka gani". Nace Baba a ɗan ƙara haƙuri tukuna. Abinda na lura da shi tun a ranar shi ne sabon cin ganye ya ragu, ramukan da ke jikin ganyen na jiya ne, bakinsu ya bushe, babu sabon kashin tsutsa mai ɗanye a kai. Bayan 'yan kwanaki sai ga abinda nake jira, tsutsotsin sun ƙanƙance sun yi duhu, wasu sun fara saɓa sun kasa ƙarasawa, tsohuwar fatar ta tsaya a rabin jiki ta ɗaure su a tsakiya, wata kuma tsohon ƙoƙon kanta ya maƙale a kan bakinta bata iya cin komai, in ka taɓa ta da tsinke da ƙyar take lanƙwasawa. Na ɗauko guda a tafin hannu na kai wa Baba, ya juya ta ya sake juyawa yace shi dai tun da yake noma bai taɓa ganin tsutsa ta mutu a cikin fatarta ba.

To a nan ne nake so a tsaya a fahimci abin, domin wanda ya gane wannan ba zai ƙara ɓarnar kuɗinsa ba.

Ƙwaro ba shi da ƙashi a ciki, fatarsa ta waje ita ce ƙashinsa, kuma bata buɗewa yadda ake so. Kamar yaro ne da aka ɗinka masa riga daidai jikinsa, in ya girma dole a cire a ɗinka wata. Tsutsar masara da ta addabe mu matakin girma 6 take bi kafin ta shiga ƙasa ta naɗe ta fito da fukafukai, kuma tsakanin kowane mataki da na gaba sai ta yi saɓa. Saɓar nan ba haka kawai take faruwa ba, umarni ake bayarwa. In tsutsa ta ci ta ƙoshi ta kai wani girma, ƙwaƙwalwarta tana sakin wani sinadari da ake kira PTTH, shi kuma ya tafi wata 'yar gaɓa da ke ƙirjinta ta bayan kai ya tashe ta, ita kuma ta fara haɗa homon ɗin saɓa, wato sinadarin da ke kai saƙon saɓa a cikin jiki, mai suna ekdison.

Da me take haɗa shi? Da kolestarol, wannan dai da likita ke auna mana a jini. Abin mamakin shi ne ƙwaro baya iya ƙera kolestarol da kansa yadda jikinmu ke yi, dole sai ya samo daga abinci, masu cin ganye suna ɗaukar irin nasa na tsiro su juya shi a cikinsu. Daga nan sai aikin enzayim, wato sinadaran da ke juya wani abu ya koma wani abu a cikin jiki, kowanne da aikinsa guda kuma a jere suke. Na farko ana ce masa Neverland, shi ke fara taɓa kolestarol ɗin ya canza masa siffa. Sai wasu matakai a tsakiya da masana ke kira baƙin akwati saboda ba a gama gane su ba. Sai Phantom, sai Disembodied, sai Shadow, ukun nan kowanne yana liƙa ɗan iskar oksijin a wani gurbi na daban, in Shadow ya gama to ekdison ya haɗu a sake shi cikin jini. Amma ko a nan bai gama nuna ba, sai ya isa kitsen jikin ƙwaron da hanjinsa wani enzayim mai suna Shade ya ƙara masa taɓi na ƙarshe ya koma wanda ake kira 20E, shi ne mai ƙarfin da ke gaya wa fata ta rabu da tsohuwa ta fara saƙa sabuwa. A ƙudan 'ya'yan itace aka fara gano yawancin waɗannan, an ga in guda ɗaya ya lalace ɗan ƙwaron tun yana cikin ƙwai baya iya yin fata mai kyau, a nan yake mutuwa. Kuma Phantom da Disembodied da Shadow da Shade duk 'yan gida ɗaya ne, dangin da ake kira P450, dangin da wasu daga cikinsu ne ke taimaka wa ƙwaro ya narkar da gubar da muke fesa masa har mu ce magani ya daina ji.

Don ku ga ƙanƙantar abin da ake magana a kai, a 1954 wasu masana biyu a Jamus, Adolf Butenandt da Peter Karlson, sai da suka tara kilo 500 na tsutsar siliki da ta naɗe kafin su tace miligiram 25 na ekdison. Rabin tan fa, ya ba da abin da bai cika bakin cokali ba. Ɗan wannan mitsitsin ne ke riƙe da rayuwar ƙwaro gaba ɗaya.

Akwai homon na biyu, na ƙuruciya, wanda wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke bayan ƙwaƙwalwa ke haɗawa. Shi aikinsa in yana da yawa a jini lokacin saɓa to tsutsa zata sake fitowa tsutsa ce mafi girma, in ya ja baya sai ta naɗe ta zama babba. Shi ma da nasa jerin enzayim, wanda ya fi shahara shi ne JHAMT da wasu masana a Japan suka gano a jikin tsutsar siliki a 2003, yana cikin masu aikin ƙarshe, in ya tsaya homon ɗin ya tsaya. Ba zan zurfafa a nan ba tunda ba lacca muke ba.

Shi maganin dogon yaro ƙarfinsa yana cikin wani sinadari da ke cikin ƙwallon 'ya'yan, azadiraktin, wanda aka fara tacewa a Ingila a 1968. Tun kafin nan a 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari Heinrich Schmutterer ya ga fara ta sauka a Sudan ta cinye komai ta bar dogon yaro tsaye da ganyensa, abinda kakanninmu ma sun sani tunda suna sa ganyen a rumbu. Aiki biyu yake yi. Na farko yana hana ci, ƙwaro ya ɗanɗana ya ja baya, shi ya sa na ga ɓarna ta ragu tun washegari. Na biyu wanda ya fi muhimmanci, in ya shiga ciki yana tare sakin PTTH ɗin nan daga ƙwaƙwalwa, to umarni bai isa ba, gaɓar ƙirji bata tashi kan lokaci ba, ekdison ya zo a makare ko ya zo kaɗan, homon ƙuruciya ma lissafinsa ya rikice, kuma gwajin ɗakin bincike ya nuna yana rage ƙarfin enzayim ɗin da ke yin taɓin ƙarshe ya mayar da ekdison 20E. Sakamakon shi ne abinda na ɗora a tafin hannuna, tsutsa ta fara cire riga ta kasa.

Kaga kenan maganin baya kashewa sai ranar saɓa ta zo. Tsutsa ƙarama da ke saɓa duk bayan kwana biyu ko uku ita ce abincinsa. Babbar tsutsa da ta kai matakin ƙarshe, wadda zaka ga alamar Y a kife a goshinta da ɗigo huɗu a wajen wutsiya, ta riga ta yi ɓarnarta, kuma ta nutse can cikin zuciyar masara ta toshe bakin ramin da kashinta, ko ka fesa ba lallai ya same ta ba. A masara na ga bambancin nan ƙarara. Layukan da na kama da wuri, lokacin da ganye ke nuna ɗan kankare fari-fari kawai ba a huda shi ba, sun tsira sun yi kyau. Inda tsutsa ta riga ta girma kuwa sai da na bi da hannu ina zaƙulowa, wasu wuraren kuma na sa maganin kashe tsutsa na shago mai suna emamektin. Duk wanda gonarsa ta riga ta kama wuta kar ya sayi wannan yana jiran ceto, zai yi asarar kuɗi da lokaci kuma zai zagi maganin a banza.

A tumatur sakamakon rabi da rabi ne. Farin ƙuda da darɓa sun ragu sosai, wannan kam na yaba. Sharon kuwa, wato ƙwaron tumatur ɗin nan da ake kira Tuta absoluta, tunda tsutsarta cikin naman ganye take shiga ta yi hanya, ya rage ta amma bai hana ta ba, sai an haɗa da tsince ganyen da ya kamu a ƙone. Wanda ya ga 2016 lokacin da sharon ta share gonakin tumatur har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta ɓaci a kan tumatur ya san ba ƙwaron da ake wasa da shi ba ne, ba zan ce wa kowa kwalba ɗaya ta ishe shi ba.

Rana ita ce babbar abokiyar gabarsa. Azadiraktin baya jure hasken rana, cikin 'yan kwanaki ya lalace a kan ganye, shi ya sa feshin yamma ya fi, bayan la'asar sosai, kuma dama tsutsar masara da dare ta fi fitowa ci, ƙudan zuma ma sun koma gida a lokacin. In ka fesa da tsakar rana ga asarar magani ga kuma man yana iya ƙona ganye mai taushi, na ga haka a gefen alayyahu inda ruwan ya taru. Sai an maimaita kusan duk mako in ƙwari na nan, in ruwan sama ya sauka bayan feshi kuma sai a sake. Abinda ka haɗa yau ka fesa shi yau, kar ka bar shi ya kwana a famfo. Wannan yawan maimaitawar ita ce tsadarsa ta gaskiya, domin kwalbar ma da kanta ta fi maganin lamda da aka saba saye kuɗi, in ka haɗa da ladan mai feshi ga wanda baya yi da kansa, a babbar gonar masara lissafin zai yi nauyi. A lambu ne ya fi biyan kuɗinsa.

To me yasa nake wahala da shi tunda ga masu kashewa nan take? Saboda ina ganin abinda ke faruwa a bakin kogin nan. Mutum zai fesa guba mai zafi yau, jibi ya yanke kabeji ko latas ya kai Kasuwar Bacci ko Kawo, kuma latas ɗanye ake ci, 'ya'yanmu ne ke ci. Tun da tsutsar masara ta shigo Afirka a farkon 2016, kuma a Najeriya aka fara ganinta, feshi ya ninka, mutane na haɗa magani biyu uku a famfo ɗaya ba safar hannu ba takunkumi, ƙwarin kuma suna ƙara taurin kai. Mun ga yadda Tarayyar Turai ta dakatar da sayen wakenmu a 2015 saboda ragowar fiya-fiya da aka samu a ciki. Shi maganin dogon yaro hanyar da yake bi ta saɓa ce, mu kuwa bama saɓa, bamu da PTTH bamu da wannan gaɓar, shi ya sa haɗarinsa ga mutum da dabba ya yi ƙasa sosai, kuma baya daɗewa a kan ganye. Na lura gizo-gizo da 'yan ƙwarin nan ja masu ɗigon baƙi da ke cin darɓa suna nan a lambun bayan feshi, alhali da maganin lamda har su yake sharewa.

Amma kar a ɗauka tunda daga itace yake to ruwan sha ne. Man dogon yaro in ƙaramin yaro ya sha yana iya jawo amai da jijjiga, abu ne da likitoci suka sani, a ajiye shi inda hannun yara baya kai. Kuma don Allah a daina wanke famfo a cikin kogi, ƙananan halittun ruwa irin su jatan lande da ƙaguwa suma saɓa suke yi da irin wannan homon ɗin, kifi kuma su yake ci.

Yanzu ƙorafina, kuma a kan kwalaben ne. Ɗaya an rubuta adadin sinadarin a jiki, ɗayar kuwa hoton ganye ne kawai da manyan alkawura, ba adadi ba ranar da aka yi ba ranar lalacewa, kuma ita ce wadda man ya taso sama, ita ce kuma aikinta ya fi rauni a gona. Dalili a fili yake, man dogon yaro daban azadiraktin daban. In an matse ƙwallon, kaso mai yawa na sinadarin a cikin tunkuzar yake zama, man da ya fito wani yana da shi da dama wani kusan babu, ya danganta da 'ya'yan da yadda aka matse. Man zalla yana iya shaƙe darɓa da ƙananan ƙwari masu laushin jiki, amma rikita saɓa sai da sinadarin. Don haka ka juya kwalba ka nemi inda aka rubuta Azadirachtin da lamba a gabansa, zaka ga irin 300 ppm ko 1500 ppm ko 10000 ppm, na 1500 shi ne kashi 0.15 cikin ɗari, na 10000 kuma kashi 1, kuma yawan da zaka zuba a famfo mai lita 16 ya danganta da wannan lambar, ba murfi ɗaya ne ga kowa ba kamar yadda ake faɗa a shago. Ka duba lambar NAFDAC. Sannan ka kalli inda aka ajiye kayan, shagon da na je sun jera wasu kwalaben a tebur a waje rana na dukansu tun safe, maganin da rana ke kashewa, nace wa yaron ya ɗauko min na cikin kwali daga ciki kuma ya gaya wa maigidansa ya mayar da sauran inuwa. Bayanin jikin kwalbar ma duk da Turanci ne da ƙananan rubutu, manomi nawa ne a fadamar nan zai karanta? Layi uku da Hausa sun isa, a fesa da yamma, a kama tsutsa tana ƙarama, a jira kwanaki kafin a yanke hukunci.

Wanda kuɗin kwalba ya yi masa yawa kuma, itacen nan ya cika garin, ko'ina ka bi 'ya'yansa na zube a ƙasa ana takawa. A tsince nunannu, a wanke ɓawon, a shanya a inuwa kar su yi fumfuna, a fasa a ciro ƙwallon a daka, giram 50 a kowace lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, da safe a tace da ƙyalle mai laushi a sa ɗan sabulu a ajiye a inuwa a fesa da yammar ranar. Na gwada shi gefe da gefe da na kwalba mai lamba, a kabeji aikinsu ya yi kusa da juna, sai dai na gida yana cin lokaci kuma ƙarfinsa yana bin kyawun 'ya'yan da ka samu, tsofaffin da suka sha rana da ruwa a ƙasa basu da wani ƙarfi. Baba maƙwabcina shi wannan ya zaɓa, jikokinsa ke tsinto masa, yace kuɗin kwalbar gara ya sa a taki. Ni kuma saboda makaranta bata barina in zauna daka, na kwalba mai 1500 ppm zan ci gaba da saye don kabeji da latas, masara kuma sai makonnin farko bayan tsiro, kuma ranar asabar nake zagaya layukan ina ɗaga ganye in duba ƙwai da kankare kafin in haɗa famfo.